Yatsan Mama Keziya

Ran Laraba ne, la'asar sakaliya,
mu tara a ɗakin bayan majami'a,
can Sabon Gari, inda janaretan maƙwabta
ke gasa da muryar mai addu'a.
Ni ne jagoran aji. Rajista na hannuna:
na san wanda ya zo, na san mai fashi,
na san wanda baikonsa bai cika ba.

Shekara ashirin da shida ina hawa bagade,
ina karanta darasin Lahadi ba gargada.
Harshena keken ɗinki ne,
ya bi layi, ya kai gefe, ya juyo.
Ashe zare ya daɗe da ƙarewa,
allura kawai ke huda yadi.

Mama Keziya mai busasshen kifi a Yankura,
wadda ta baro Bambur da goyo a baya,
ta haddace waƙoƙin sujada tun kafin a haife ni.
Littafin waƙa a juye take riƙe shi,
har ranar da jikarta ta ƙyalƙyale da dariya
a tsakiyar taron Zumuntar Mata.

Ba ta yi fushi ba. Tabarau ta saya a bakin Bata.
Tsofaffin jaridun da take naɗe kifi
su suka zama allonta,
in ciniki ya lafa ta tare ɗan makaranta:
"Kai yaro, wannan mai ƙugiyar fa?"
Damina biyu tana tsintar baƙaƙe
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

A daren nan ta ɗaga hannu.
"Jagora, yau ni zan karanta."
Na dubi agogo. Allah ya gani, na dubi agogo.
Tana buɗe Littafi aka ɗauke wuta,
fanka ta yi juyi uku ta tsaya,
Barnaba ya haska mata da wayarsa.

Yatsanta, mai ƙaurin hayaƙi da kaushin ƙaya,
ya kama hanya a hankali,
kamar mai tsallaka Jakara bisa katako.
Ga. Ta numfasa. Fa. Ta gyara tabarau. Ra.
Sai ta tsaya cak.
"Gafara," in ji ta. "Ga ta nan a rubuce.
Da na zaci sai ta bakin Rabaran take fitowa.
Ashe tana nan kullum, ko ba kowa a ɗakin?"

Ba wanda ya amsa.
Daga Fagge kiran magariba ya ratso taga,
sauro ya ci ƙafafunmu, ba wanda ya motsa.

Kalmar nan na wuce ta sau dubu,
kamar yadda nake wuce kwanar gidan ƙanena,
Istifanus, a Birged.
Shekara bakwai ba ma ga-maciji
a kan shagon da mahaifinmu ya bari,
shagon da gobarar kasuwa ta riga ta cinye.

Muka rufe da addu'a, ban san me na ce ba.
Na manta rajista a kan benci.
Na tare adaidaita sahu, ban nemi ragi ba.

Ba zan ce ya rungume ni ba, ƙarya zunubi ce.
Ya tsaya bakin ƙofa da singileti,
ya dube ni kamar mai karɓar haraji.
Matarsa ce ta kawo ruwa a kofin silba.
Na sha. Ya ce, "Dare ya yi." Bai ce kar in dawo ba.

Ran Lahadi na hau bagade kamar kullum,
na kai aya ta huɗu, harshe ya sarƙe.
Jama'a suka ɗago kai.
Daga benci na uku, a layin mata,
Mama Keziya ta ce da ƙarfi, kowa ya ji:
"Sa yatsa, Jagora. Bi a hankali."